Malam Ilya da Kwanonsa Shi Kaɗai

Kullum bayan asuba Malam Ilya ke fitowa daga gidan leburori na Montreuil, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wani asibiti a Paris, ya gangara ɗakin da ba shi da taga. Kafin komai sai ya duba ko firjin ya kwana da sanyinsa. A ciki kawunan ƙashin cinya ne, waɗanda ake cire wa tsofaffi in za a sa musu kwatangwalon ƙarfe. Shi ke rufe su a kwalba, ya liƙa lamba, ya yi bisimilla a kan kowanne ko na waye. Shekara takwas ke nan, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Tun ranar da 'yan gidan suka gano aikinsa aka ware masa kwano. Alhaji Chaibou, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, shi ya fara janye hannu daga shinkafa. "Hannun da ke jagwalgwala ƙashin mutane? A'a Malam, ka yi haƙuri." Abin ya ci wa Ilya rai ƙwarai. A ƙasar da ba ka da kowa, cin abinci kai kaɗai ba ƙaramin horo ba ne.

A 1986, bayan Alhajin ya koma Lyon, kwatangwalon ƙarfen da aka sa masa shekara goma baya ya saki. Ya yi ta girgiɗa yana cinye ƙashin da ke riƙe da shi, har gurbin ya zama rami, babu inda za a kafa sabo. Likita ya ce sai an cike ramin da ƙashin wani, in ba haka ba a cire ƙarfen, a bar ƙafar gajeruwa tana reto. Asibitin Lyon ba su da isasshe, suka nema daga Paris. Ilya ya ga sunan majinyacin a takarda, kuma yana da damar tura wani. Amma shi da kansa ya rungumi akwatin ƙanƙara mai kawunan ƙashi biyu a cinya, awa biyu cikin jirgin ƙasa.

Ya tarar Alhaji ya ƙi sa hannu.

"Alhaji, ya jiki?"

"Ilya, kai ne? To faɗa wa lokotoro, likitan nan, ni ba a sa mini ƙashin gawa."

"Ba gawa ba ne. Masu shi na nan da ransu, su suka yarda a bai wa mabuƙaci."

"Ranar tashin ƙiyama fa, wa zai ɗauka?"

"Wanda ya halicce shi ya san na kowa. Kai dai yaushe rabonka da sujada?"

Alhaji ya juya fuska bango, hawaye na gangarowa, ya nemi biro.

Awa shida aka yi a kansa. Kan ƙashi ɗaya aka sassaƙe aka ɗaure da kusoshi, ɗayan aka marmashe aka danna cikin ramin. Ya sha jinya wata da watanni, amma ya miƙe.

Sallar bana ya zo Montreuil da ƙafarsa, ya kai goshi ƙasa, ya zauna cikin jama'a ya ci ya ƙoshi. Ilya na gefe da kwanonsa, Alhaji ya ɗago masa hannu daga nesa. Ashe mutum zai iya yawo da ƙashin baƙo a jikinsa, ya kuma ƙyamaci hannun da ya kawo shi. Mu ma da muke wurin ba wanda ya motsa, kuma wannan abin kunya ne.

Malam Ilya, kai ne amintaccen da ba a taɓa kama da sakaci ba. Kai ne ka riƙe amanar waɗanda ba su san sunanka ba, ka kai ta ga wanda ya san ka ya guje ka. Mun gode, Allah ya saka maka, ya yafe mana. Masu tasowa su koyi riƙon aiki a wurinka.

Ranar Juma'a za a yi masa walimar sallama a gidan. Kowa ya zo ya wanke hannu. Kada wanda ya kawo kwano na biyu.