Mai Faci Ya Koyi Kushe Miya

Mai abincin bakin tasha ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Ta ɗiba da yatsu, ta watsa, ta juya, ta ɗiga romo a tafin hannu ta lasa, magana ta ƙare. Da harshen nan ta ciyar da direbobi da 'yan dako shekara da shekaru, da shi ta mayar da rumfar kwano shago mai benci da labule. Mijinta mai faci ne, yana tsallaken titi tsakanin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan da yake neman huji a ciki. Allah ya yi shi mutum ne da ba ya kushe abinci. Ko dutse ka dafa masa cewa zai yi ya yi, har mutanen tasha suka laƙaba masa Malam Ya-yi.

Da likita ya ce ƙullutun da ke ƙirjinta ciwon daji ne, ta ji tsoro ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Aka yi aiki, aka shiga ɗura mata magani ta jijiya. Ƙanwarta ta bar nata gidan ta karɓi wanki da rakiya asibiti. Gashi ya zube, mai abinci ta ƙara tamke ɗankwali. Amai ya zo, ta jure. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne mutuwar baki. Shinkafa, nama, ruwan sha, duk ɗaya suke a harshenta, kamar tana tsotson ƙusa.

Rufe shago kuwa ba ta ko son jin zancensa, domin shi ne abin da ke tayar da ita daga kan gado. Sai mai faci ya riƙa barin tayoyinsa da safe yana tsallakowa. Ya hura wuta, ya sauke manyan tukwane, ita tana kan kujera tana ba da umarni. In miya ta nuna ta miƙa masa ludayi.

"Baban yara, ya ka ji?"

"Ya yi."

Ita da ba ta jin gishiri sai ta ƙara, don zuciyarta ba ta kwanta ba. Ya sake lasa, ya haɗiye da ƙyar, ya ce ya yi.

Benci ya fara yin fili. Masu ciniki suka riƙa gaishe ta daga nesa, suna yi mata ya jiki, suna wucewa gaba. Wa zai dubi mara lafiya ya ce abincinta ya lalace? Sai wani tsohon direban babbar mota, wanda bakinsa ba shi da birki, ya ture kwano ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, amma tun da kika fara jinyar nan, in na ci abincinki sai na sha ruwan da ya fi wanda lagireton motata ke sha."

Ranta ya ɓaci sosai, ba da direban ba. Ta jira shago ya watse, ta kira mijinta.

"Ashe ƙarya kake min?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hula. "Maman yara, ina ganin abin da maganin nan ke miki. Da wane bakin zan ce miyarki ba ta yi ba?"

"Da bakin da kake cinye ta! Ciwon nan ya ɗauki gashina, ya ɗauki ƙirjina. In ka bari ya haɗa da shagon nan don kana jin tausayina, to da hannunka a ciki. In kana ƙaunata, ka kushe."

Washegari ya riƙe ludayi yana gumi kamar mai ba da shaida a kotu. Ya lasa, ya dubi rufi, ya dubi ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Gishiri... ya ɗan yi yawa." Ya tsaya yana jiran duniya ta tashi. Ita kuwa ta ce, "Madalla. Ƙaro ruwa."

Da yake bai san sunan abin da yake ji ba, sai ya aro yaren sana'arsa. "Wannan iskarta ba ta cika ba." Ta gane yaji ne ya gaza. "Wannan akwai inda take yoyo." Ta gane mai ne bai soyu ba. A hankali bakinsa ya buɗe, har ya fara wuce gona da iri, yana kushe shayin ƙanwar matarsa, ita kuma tana cewa, "Yaya, kin ɓata mana bawan Allah." Direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, benci ya cika, har da masu ci a tsaye.

Aka gama magani. Aka yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba, suka yi hamdala har da hawaye. Amma baki bai dawo ba, ta ma fara haƙura da shi.

Wata safiya, wajen hantsi, ta ɗiga romo a tafin hannu don sabo kawai, ta lasa. Mai faci yana gefe da ludayinsa, ya riga ya yanke hukunci.

"A ƙara gishiri kaɗan."

"Gishiri daidai yake. Albasa ce ka bari ta ƙone."

"Ni? Albasar da na tsaya a kanta..." Sai ya dube ta. "Kin ji?"

"Na ji. Har ɗacin na ji."

Ya ajiye ludayi, ya zauna a kan buhun shinkafa, ya rufe fuska da hannayensa masu tabon baƙin mai, kafaɗunsa suna rawa. Mai abinci ta yaye labule, ga benci cike da mutane. Ita da ba ta taɓa yabon miji a gaban jama'a ba ta ɗaga murya.

"Ku shaida! Likita ya yi nasa, ƙanwata ta yi nata, Allah ya saka musu. Amma mutumin nan, abin da ya fi masa wuya a duniya shi ya yi min kullum safiya. Baban yara, na gode. Wallahi na gode."

Daga bayan labule muryarsa ta fito. "Sauke tukunyar nan, kar ita ma ta kama."