Ranar da Muka Zaɓa wa Oga Saitin Dare

Har gobe ba na mantawa da ranar da muka zauna kwamiti don zaɓa wa Oga saitin dare. Lokacin ina Sufeton 'yan sanda, ni ke riƙe da makullin ɗakin makamai a ofishinmu na Bodinga, kuma a shekarar ɓarayin shanu sun hana ƙauyukan da ke tsakaninmu da Shagari sakat.

Bari in yi wa wanda bai taɓa riƙe bindiga ba bayani. Fistol ɗin da ake ba manyan jami'ai ita ke tura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, kai naka kawai danna kunama. A samanta akwai ɗan tsinke a gaba da 'yar tsaga a baya. Idan ka daidaita su da abin da kake nufi, ka yi saiti ke nan. Da rana ba wata wahala, amma duhu na yi sai baƙin ƙarfen ya ɓace maka. Shi ya sa aka ƙera saitin dare, mai ɗigo uku masu haske kamar idon kyanwa. Iri biyu ne. Wani haskensa daga cikinsa yake, sai ya yi shekaru bai mutu ba. Wani kuwa fenti ne kawai, sai ya sha rana ko tocila kafin ya haska, in an jima ya dushe.

Oga Sufritanda ne da aka turo mana daga hedikwata. Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai son aiki. Matsalarsa ɗaya ce: dundumi. Rana na faɗuwa, idonsa ya tashi daga aiki. Wata magariba ya yi wa buhun albasa sallama a ƙofar ofis, da buhun bai amsa ba ya ce a nemo masa sunan wannan mara ladabin. Kowa ya san lalurar, har mai shayin bakin titi, amma a ƙasarmu ba a ce wa babba ba ya gani. Sai dai a ce yau duhu ya yi yawa.

To wannan bawan Allah ne ya ce daga yanzu shi da kansa zai riƙa jagorantar sintirin bayan magariba. A tsarin sintiri, wanda ya san hanya shi ke gaba, shugaba na bayansa da bindiga a hannu. Wanda ya san hanya a wurinmu kuwa Kofur Lawwali ne, mutumin Dingyaɗi, wanda ba turbar shanun da bai taka ba a yankin. Ranar da aka ba da sanarwar na ga Lawwali ya kasa cinye tuwonsa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san iyalinsa, kuma na san bindigar da za ta bi bayansa.

Oga ya ce abin da ya rage masa saitin dare ne kawai. Ɗan kwangila ya kawo iri biyun, aka kafa kwamitin zaɓe. Shugabansa mataimakin Oga ne, sai Saje Ummaru, sai ni mai makulli, sai Lawwali don aike. Mambobin kwamiti ba sa zama bayan azahar, saboda haka da hantsi aka shirya gwada kayan dare. Muka toshe tagogin sito da buhuna muka ƙirƙiro namu daren.

Na ɗaura saiti mai hasken kansa a fistol ta farko, mai fenti a ta biyu. Ta uku na bar ta da saitinta na gado, baƙin ƙarfe zalla, don a ga bambanci. Kafin mu shiga na bi ƙa'ida: na zare gidan harsashin kowace, na ja saman bindigar baya, na leƙa, na zura yatsa, sannan na nuna wa Saje ya tabbatar. Yara, wannan ƙa'idar da kuke gani kamar ɓata lokaci, kada ku taɓa tsallake ta ko da uban wa ke jiranku.

Lawwali ya manna farar takarda a bango a matsayin abin saiti, ya koma can lungu ya tsaya. Na rufe ƙofa. Na miƙa wa Oga ta farko. Ɗigonta uku kore shar, ni daga inda nake ina ganinsu.

"Wannan ba ta da haske," in ji Oga.

"Ko kaɗan, ranka shi daɗe," in ji mataimaki. "Ɗan kwangilar ga macuci na."

Ta biyu ma haka aka yi mata shari'a. Saje Ummaru har da tsaki, don a san yana wurin.

Na miƙa ta uku, wadda ba ta da ɗigo ko ɗaya. Daidai nan matar Lawwali ta kira shi. Wayar tana aljihun ƙirjinsa, ya kashe mata ƙara amma bai kashe ta ba, sai haskenta ya keto ta rigar. Na ga inuwar hannun Oga ta bar takarda ta juya lungu.

"Yauwa," in ji shi. "Ga haske nan sosai. Wannan ita ce."

Ya danna kunama. Bindigar ta ce ƙas.

Ban san lokacin da na banke ƙofa ba. Rana ta shigo ta iske Oga tsaye, bakin bindiga na kallon aljihun Lawwali. Shi kuma Lawwali ya manne da bango, gumi na zuba, wayar na ta haske a kan zuciyarsa.

Mataimaki ne ya fara farfaɗowa. "Allah shi ƙara ma Yallaɓai gani. Mu ma ita munka ga ta hi haske."

"Nesa ba kusa ba," in ji Saje.

Da Lawwali ya yi shiru, da an wuce wurin. Amma wanda aka ɗana wa bindiga a ƙirji ba ya tuna ladabi.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "ba saiti kag gani ba. Wayata ta. Bindigar ga ba ta da haske ko ɗai. Ni kas saita."

Oga ya dubi bindigar, ya dubi Lawwali, ya ajiye ta a kan tebur ya fita. Mataimaki ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da kara.

Kwamiti ya kammala aikinsa kafin azahar, ya amince da fistol ta uku baki ɗaya. An mayar wa ɗan kwangila kayansa masu haske tare da gargaɗi kan kawo jabu. An yaba wa Oga bisa kaifin ido. Lawwali kuma aka same shi da laifin shiga da waya wurin gwaji, da mayar wa babba magana. Kafin sati ya zagayo an tura shi wani ƙaramin sansani can bayan Mandera, daidai inda ɓarayin suka fi bi. Jagorancin sintiri ya faɗa kan Saje Ummaru, wanda a ranar ya tuna yana da ciwon gwiwa.

Da Lawwali ya zo karɓar bindigarsa zai tafi, na yi masa jaje. Na ce wurin nan ba wurin mai iyali ba ne, na kuma ce raina ya ɓaci, don ya ɓaci ɗin. Sai ya rataya bindigar yana murmushi.

"Baba Sufeto, kak ka damu. Ɓarayin can ko sun harbe ni, daga gaba za su zo. Kuma su suna ganin wanda sunka harba."

Abin da na koya ke nan a aikin ɗamara. A makaranta za a koya muku tsoron bindigar da ke gabanku. Ba wanda zai koya muku tsoron wadda ke bayanku, don ita mai riƙe da ita ya girme ku, kuma duk ofis ya riga ya shaida cewa yana gani.