Ƙayar da Malam Bulus Ya Ciro a Kurfi

Duk wanda ya san Malam Bulus a Dutsin-Ma ya san allurar nan da ke soke a gefen hularsa. Da ita yake shiga aji, da ita yake zuwa sujada ranar Lahadi, kuma ba don ɗinki yake yawo da ita ba. Shi ne malamin wasanni a makarantarmu a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, lokacin da yara ke buga ƙwallo ba takalmi, fili kuwa ga tsidau ga ƙayar aduwa. Da an tashi wasa sai ya ɗauko daro da ruwa, ya jera yaran a gindin tsamiya, ya durƙusa yana wanke musu ƙafa yana ciro ƙaya. Ni Ishaya, ƙanin matarsa Rahila, ina koyarwa a aji biyu kuma a gidansa nake zaune. Ni ne mai yin fargaba a madadinsa, don shi Allah bai ba shi ko kaɗan ba.

Mu masu bin Almasihu 'yan kaɗan ne a garin, kullum tsorona kada a ce mun zo da wani sabon abu. Ilai kuwa, wata rana sai ga Alhaji Mamman mai hatsi ya nufo tsamiyar nan, babbar riga na jan ƙasa.

"Malam, mi nika ji? Kai malami guda ka duƙa gaban ɗana? Ai shi ya kamata ya wanke maka!"

"Alhaji, tawa ƙafar mi ta yi? Tsaye kurum nike ina busa usur. Kuma wanda nike bi ya wanke ma mabiyanshi ƙafa, balle ni Bulus."

Alhaji ya dubi daron, ya dubi allurar, ya yi gyaran murya. Ya ce, "To in ka gama da su, akwai wata a diddigena tun ranar kasuwa."

Kai, mutumin nan! Shekarar da muka ci makarantun gunduma aka kira mai hoto, aka ajiye masa kujera a tsakiya. Ya ce sam, gola ne zai zauna, don shi ya sha bugu. Aka yi aka yi, ya koma can gefe ya tsaya. Wasunku sun ga hoton a ɗakin Rahila: yara sun fito ras, shi kuwa kunnensa ɗaya da gefen hula kawai suka samu shiga. Da na yi masa tsiya sai ya ce, "Ishaya, ƙwallo iska ce a cikin fata. Wa zai kumbura kanshi saboda iska?"

Kafin kowane wasa yara kan yi da'ira su shafa fatiha, shi kuma ya koma gefe ya cire hula ya sunkuyar da kai. Na taɓa tambayarsa abin da yake roƙo.

"Kada kowa ya karye."

"Nasara fa, Yaya?"

"Haba Ishaya! Yaran can ɗin wa ya yi su? In na ce a ba mu, na ce a hana su ke nan. Ni ba ni shiga tsakanin Allah da 'ya'yan mutane."

Na ce a raina, to madalla, wannan addu'ar ce za ta kai mu ƙauye. Ashe bakina ya faɗa daidai.

Ƙashin bayan maganar, Kurfi ce. Sun daɗe suna lallasa mu, har ta kai hedimasta ba ya iya ɗaga kai a taron malamai. Ana saura 'yan kwanaki mu je can ya kira Malam Bulus, a gabana ya ce masa in aka sake cin mu, zai nemi a mayar da shi makarantar ƙauyen Kuki a kawo wani. Lokacin Rahila na da tsohon ciki, kuma haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha, ɗan bai zo da rai ba. A Dutsin-Ma akwai ɗakin shan magani kusa da mu. A Kuki kuwa, in damina ta sauka, sai dai jaki. Abinci ya daina shiga mini. Shi ko gogan naku yana zaune yana ɗinke tsohuwar ƙwallonmu da ta koma kamar kabewa, yana 'yar waƙarsa ta coci.

Muka hau motar kasuwa muka isa Kurfi. Fili ya cika maƙil, har mutanen Tamawa sun zo a kan jakuna. Allah da ikonsa, kafin hutun rabin lokaci muka jefa musu ɗaya. Abin da ya taimake mu, ɗan wasansu da ake tsoro, wani Sani Dogo, tun farkon wasa yake ɗingishi. Ni dai ina gefe ina haɗa gumi ina duban rana, ina cewa ta yi ta faɗi mana.

Da aka busa hutu sai na ga Malam Bulus ya kai hannu gefen hula. Na riƙo masa riga.

"Yaya, ina za ka?"

"Yaron can ƙaya ce a ƙafarshi. Aduwa ce, daga tafiyarshi na gane."

"To ina ruwanka? Ba su da malami?"

"Malaminsu da tsinke yake tono, karya ta zai yi a ciki."

"Ka bari a tashi wasa mana! Ka tuna Rahila!"

Ya tsaya ya dube ni, kuma ranar ce kaɗai na taɓa ganin damuwa a fuskarsa. Ya ce, "Na tuna ta, Ishaya. Amma in ya ƙara gudu a kanta, sai an tsaga ƙafar. Ɗan wani ne."

Ya tsallaka fili, jama'a na kallo, ya durƙusa ya ɗora ƙafar Dogo a cinyarsa. Malamin Kurfi ya saki baki. Can sai ga shi ya ɗaga ƙaya sama, doguwa baƙa, yana murna kamar wanda ya kamo kifi. Aka koma wasa. Jama'a, Dogon nan sai da ya zuba mana biyu! Bayan ta biyun ma har ya waiwayo ya ɗaga wa Malam Bulus hannu, shi kuma, don ƙarin haushi, ya ɗaga masa.

Muna isa gida na riga shi shiga, na tarar da Rahila tana tankaɗe. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ɗora hannu a ka. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ya ciro ta duka?"

"Yaya Rahila, Kuki fa za a kai ku!"

"Na ji. Na ce ya ciro ta duka? Don in ya bar guntu, daga shi har ni ba mai sakewa a gidan nan."

Kuki kuwa an kai su. Na raka su da kaya, ina tafe ina duban cikin nan nata, tsoro kamar ya kashe ni. A can ta haihu, ana tsakiyar ruwa, a hannun wata tsohuwar ungozoma da ba ta taɓa ganin Kirista ba sai a kansu. Da saƙo ya iso mini cewa uwa da 'ya suna lafiya, a gaban 'yan ajina na zauna na yi kuka. 'Yar ita ce Saratu, ga ta nan zaune cikinku da jikokinta. Shi kuwa bai sake riƙe wata babbar ƙungiya ba har ya bar aiki, ban kuma taɓa jin ya ce an cuce shi ba.

Ya Ubangiji, bawanka Bulus bai taɓa roƙon ka ba shi ka hana wani ba. Yau mu muke roƙo a madadinsa: ka ba shi hutawa a wurinka, ka zaunar da shi a tsakiya ko da ya ce gefe ya ishe shi. Amin.