Ƙyauren Inna Tumba

A Karakkai na girma, a hannun kakata Inna Tumba. Bayan isha'i takan jawo mu bakin murhu, ta tura guntun icce cikin wuta, ta yi gyaran murya. Da mun ji wannan kowa zai nutsu. Ba ta son a katse ta, in ka yi, sai ta ce, “To kai ƙarasa muna, tunda da kai aka yi.”

Akwai labarin da ta fi maimaitawa, na wani masassaƙi da ya yi wa uwarsa makauniya akushi. Ɗanyen icce ya sare. Masu sana'ar kan ajiye akushi ƙarƙashin rumbu, a inuwa, har sai an kara shi a kunci an ji sanyin ya fita. Shi kuwa ɗokin faranta mata ya hana shi jira. Bayan kwana uku kawai ya ƙone bayan akushin ya yi baƙi, ya shafe shi da man kaɗe. Shekarar yunwa ce. Ran da ya samo mata ɗan gero aka dama fura, akushin ya tsage a cinyarta, furar ta bi ƙasa.

“Ba mugu ba ne,” in ji Inna. “Son ta yake. Amma ya rufe ruwa a ciki, ruwa kuwa sai ya nemi hanya.”

Na girma na zama kafinta a Gusau. Wata damina aka ce mini jikinta ya yi tsanani, ga gara ta cinye ƙyauren ɗakinta. Na haɗa sabo, na jiƙa katakon da maganin gara. Na sani sarai sai ya yi makonni yana shan iska kafin ya karɓi fenti. Amma tsoro ya kama ni kada ta tafi ba ta gani ba. Bayan kwana huɗu na shafa masa koren fenti, na ɗora a mota.

Da na kafa shi, ta ce a tayar da ita. Ta kara kuncinta a jikin katakon, ta daɗe.

“Da sanyi, Sanusi,” ta ce. Sai ta shafa kaina. “Allah shi yi ma albarka.”

Ba a yi wata ba fentin ya kumbura, ƙyauren ya karkace, ya daina buɗewa sai rabi. Ran da ta rasu, makara ta kasa shiga. Ni na ɗauko guduma na ɓalle shi, mutane na tsaye suna jira. Kunyar ranar ba ta sake ni ba.

Na daɗe ina cewa gaggawa ce laifina. Yanzu na gane tsoro ne na yi wa fenti. Ƙyauren yana shagona, jingine da bango. In wanda ya ba ni aiki ya matsa mini, nakan ce ya kara kuncinsa a nasa katakon. Na Inna ya bushe tuni.