Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina a Aji

Shekara uku na yi ina koyar da ajin ƙananan yara a wata firamare a Kudan, aikin sa-kai, da takardar shaidar malantata a ajiye ƙasan akwati. Ina son aikin, ba ƙarya, amma ranar da ƙawata ta Ikara ta turo mini sanarwa a waya cewa wata ƙungiya mai kula da ilimin ƙananan yara a faɗin ƙasa tana neman waɗanda za su riƙa horar da malamai a yankinmu, sai da tuwona ya kama a tukunya don karatu. Na cike fom, na je Makarfi na rubuta jarrabawa, na ci. Saura mataki ɗaya: za a turo mai dubawa ta zauna a ajina ta ga yadda nake da yara.

An turo mana jerin abin da za a duba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa wannan ai wasa ne, har na iso inda aka ce dole malama ta kira kowane yaro da sunansa, tana kallon idonsa. Nan na tsaya cak, domin 'yar farina tana ajin.

Shekararta huɗu a lokacin, kuma ban taɓa faɗin sunanta ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce da muka gada. Tawa kuma kunyar biyu ce, don sunan surukata aka sa mata, kuma a ɗakin tsohuwar take kwana tun da aka yaye ta. Ko laƙabinta ba na faɗa. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti. A aji idan ana kiran suna, sai in yi tari in wuce kanta, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifina.

Na kai wa maigidana kuka, ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce in rubuta sunan a allo in nuna da sanda. Haushi ya sa na yini ban kula shi ba. Daga ƙarshe na yanke dabarar da nake ganin ta fi: ranar dubawa yarinya za ta zauna a gida. Na saya mata rake sanda guda na ce ta yi ta sha, na fice da sassafe ina jin kaina mai wayo.

Mai dubawar dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, da gilashi a kan hanci, Hausarta tas. Muka gaisa, ta tambayi gida da yara, ta ja benci ta zauna a baya da takarda a cinya. Komai ya tafi daidai. Mun ƙirga da ƙwallayen dabino, mun wanke hannu a layi, wani ya yi fitsari a wando na gyara shi ba tare da kowa ya yi masa dariya ba. Na hango dattijuwar tana gyaɗa kai.

Muna shirin waƙar da'ira, wadda ake tafi a kira yaro ya yi tsalle ya shigo tsakiya, sai ga surukata a bakin ƙofa riƙe da hannun yarinya, an sa mata yunifom a karkace, ido ya kumbura don kuka. Tsohuwa ta tura ta ciki, ita kuma ta koma taga ta tsaya tare da mata biyu masu sayar da awara, wai tana so ta ga jarrabawar da ake ta magana.

Na fara waƙa. Na kira na farko ya shigo, na biyu, na uku. Da na zo kan 'yata, ta riga ta ɗaga ƙafa ɗaya. Na yi tarina na wuce. Ta sauke ƙafar a hankali ta ci gaba da tafa wa na gaba, ko fuska ba ta ɓata ba, domin ta saba. Wannan ne ya soke ni, fiye da biron da na ga dattijuwar ta ɗauka. Shekara guda ina yi mata haka, ban taɓa duban ƙafar ba sai ranar.

Muka shiga zagaye na biyu. Ina matsowa kusa da ita, sai na ji surukata daga taga.

"Ke, kira ta mana. Sunan ai nawa ne, kuma ni na ce ki kira."

Na kira. Ya fito ƙasa-ƙasa. Yarinya ta waiga taga, ta waiga ƙofa, tana neman mai kiran. Na durƙusa na dubi idonta na sake faɗa. Ta buga wani tsalle har takalmi ɗaya ya fita, ta faɗo tsakiya tana juyi, ta ƙi fita. Masu awara suka rangaɗa guɗa, yara suka rikice da ihu, ajin da na yi mako ina tsarawa ya watse. Ni kuwa dariya nake, hawaye na zuba, kunya kamar in nutse.

Da za ta tafi, dattijuwar ta ce ta daɗe a ƙasar Zazzau, ta san wannan kunyar, kuma malamai da yawa da zan horar suna da 'ya'yan fari a azuzuwansu. Ba ta ce na ci ba, ba ta ce na faɗi ba, ta shiga mota.

Na koma gida na koma wa "ke" ɗina, kamar ba a yi komai ba. Bayan mako uku aka kira ni a waya ina tsakar gida ina tankaɗe: na samu aikin, kuma makarantun Kurmin Kogi da Nasarawan Doya na cikin waɗanda zan riƙa zagayawa. Na yi watsi da rariya na taka rawa da gari a hannu. Surukata ta ce ita ta ci jarrabawar, a kawo mata tukuicinta. Maƙwabta suka cika gidan ana ta barka.

Cikin hayaniyar na ji ana jan zanena. 'Yata ce, ta ɗago kai.

"Anti, sai baƙuwa ta zo ne kike sanin sunana?"

Kowa ya zuba mini ido. Na dubi surukata, ta kawar da kai tana danne dariya. Na ɗauki 'yata na saɓa a kafaɗa, duk na shafe ta da gari, na kira sunanta da ƙarfin da har maigidana ya ji daga zaure.