Kaset Ɗin Da Ya Ɓata Sunan Mahaifina

Ina gaida edita da duk masu karanta wannan mujalla. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, daga wani ƙauye na ƙasar Kurfai da ba shi da nisa da Filinge. Soja ke mulki a lokacin. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji, na faɗi jarabawar ƙarshe, na dawo gida da Faransanci cike da baki, hannu kuwa ba aiki. Allah ya yi ni da iya zance, in na buɗe baki ko mai sauri sai ya tsaya ya ji ƙarshe. Ina kuma son a ce da ni madalla fiye da yadda nake son tuwo. Wannan hali shi ya kai ni ya baro ni.

Don kada in zauna banza, sai na riƙa zuwa gidan likita na Filinge ina yi wa wani ma'aikaci tafinta, mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa sosai. Kirista ne, ta hannunsa kuma na shiga addininsa. Ba gardamar addini ta kawo ni wannan shafi ba, kowa da abin da zuciyarsa ta kama. Abin da nake so ku sani shi ne yadda mahaifina ya karɓi labarin. Manomi ne, kuma dillalin dabbobi a kasuwar Baleyara, mutum ne marar yawan magana da ba ya fashin sallar jam'i. Ranar da na faɗa masa, ya saurare ni har na gama. Can ya ce abin ya yi masa zafi, ba zai ɓoye ba, amma ɗa ɗa ne, kwanon tuwona yana nan inda yake. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada in riƙa tada zancen a gaban mahaifiyata. Ya yi kamar wata guda ba ya sake mani fuska, da girbi ya zo muka shiga gona tare, abin ya wuce. Iyakar abin da ya yi mani ke nan.

Bayan girbin ne aka gayyace ni taron shekara na masu bi na yankinmu. Ba mu da yawa: malaman lakwal da ma'aikatan likita da aka turo daga wasu jihohi, wasu Gurmawa manoma, da fastoci ƴan kaɗan. Akan yi shi mako guda a gonar wani tsohon fasto kusa da Baleyara, bayan an samo takardar izini daga hukuma, don a zamanin ko taron suna ya yi girma sai an tambayi dalili. Akan kafa rumfunan kara, da safe a yi wa fastoci da masu bishara darasi, da rana mata su koyi karatu, da yamma a yi waƙa. Ranar ƙarshe ita ce ranar shaida, kowa ya tashi ya faɗi abin da ya sha a kan bangaskiyarsa. Wata mata ta faɗi yadda aka raba ta da ƴaƴanta. Wani dattijo ya faɗi yadda danginsa suka karɓe masa gona. Mutane na kuka, ana rungume su. Sai tsohon faston ya kira ni, ya ce ga sabon ɗanmu daga Kurfai, shi ma a ji nasa.

To, me zan ce? In ce ubana ya ɗaure fuska wata guda, yana kuma ba ni tuwo? Sai na ji kamar wanda ya zo biki hannu rabbana. Na miƙe ban san abin da zan faɗa ba, bakina ya yi gaba ya bar ni. Na ce ranar da mahaifina ya ji labari, ɗaure ni ya yi a jikin turke, ya zaro itace daga murhu ya manna mani a hannu, sannan ya kore ni. Na naɗe hannun riga na nuna tabo. Tabon na gaske ne, amma tun ina ɗan shekara shida na same shi, lokacin da na faɗa wutar sassabe, kuma mahaifin nan nawa shi ya ɗauke ni a wuya ya kai ni likita Filinge da ƙafa. Ina cikin magana na ga wani baƙo ya miƙo rediyo mai ɗaukar magana kusa da bakina. Na gan shi sarai, amma kukan mutane ya yi mani daɗi, ban tsaya ba.

Na zaci da an watse shi ke nan, in koma gida in ci gaba da zamana. Ashe na rufe wa kaina ƙofa. Tsohon faston ya ce ba zai bar ni in koma inda za a kashe ni ba, ya riƙe ni a gidansa, matarsa ta share mani ɗaki, tana kirana ɗanta. Na aika gida cewa na sami aiki. Daga nan duk taron da za a yi sai an sa sunana, na matasa ne, na mata ne, ko kwas na fastoci, kullum ni ake ajiyewa a ƙarshe. Mutane na tambaya, da wace igiya aka ɗaure ka, mahaifiyarka tana ina, wa ya kwance ka, ni kuma dole in ba da amsa, dole kuma in tuna amsar da na bayar a taron baya. Labarin ya yi ta ƙiba ina ramewa. Kasuwar Baleyara tana kusa da mu, na san kowane mako mahaifina yana can, amma ba a barina in je sai da mutum biyu masu tsarona. Wata rana na hango shi cikin shanu da malfarsa, yana riƙe da hannun wani Bafillace suna ciniki. Ban san lokacin da na nufe shi ba. Masu rakiyata suka tambaye ni ko shi ne, da na ce i, suka fizge ni bayan wata babbar mota, suna gode wa Allah da bai gan ni ba.

Kaset ɗin kuwa ya yi ƙafa. An yi ta kwafarsa ana ba juna, har ya faɗa hannun wani direba da ke jigila tsakanin Filinge da Yamai, shi kuma ya riƙa sa wa fasinjoji don hira. Ban faɗi sunan kowa a ciki ba, amma na faɗi ƙauyenmu da sana'ar mahaifina, muryata kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Ban san kome ba sai a taron shekara ta biyu, ranar da aka ce wata mata na nemana a bakin gona. Yayata ce. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata. Ta ce maganar ta kai kunnen hukuma, wadda a lokacin ba abin da ta tsana kamar abin da ke warin rikicin addini. An aiko jandarma sun tafi da tsoho, mahaifinmu. An zaunar da shi a biro, wato ofishinsu, aka kunna masa kaset daga farko har ƙarshe, aka tambaye shi ko muryar ɗansa ce, ya ce ita ce. Sai mai tambayar ya ce masa ya yi tunani kafin ya amsa ta gaba: in gaskiya ne, shi ke da laifi, in kuwa ƙarya ce, yaron da ke yawo da zancen da zai iya tada fitina yau za a ɗauko shi. Kowa ya san a wancan zamani wanda aka ɗauka a kan irin wannan ba a sa ranar dawowarsa. Ta ce tsoho ya dubi rediyon, sannan ya ce, "Ɗana na. Abin da yac ce, ku rubuta hakanan." Sun riƙe shi kwanaki, suka sa ya dangwala yatsa a takarda cewa ba zai sake kusantata ba.

Da ta gama, ta dube ni ta ce, "Kai ka san wanda yaɗ ɗauke ka bisa wuya ranar da wuta tac ci ka. Ni ina nan, da idona nig gani." Ta juya ta tafi, ban iya ko raka ta ba.

Za ku ce ai nan ne ya kamata in fito in faɗi gaskiya. Ni ma haka nake cewa yau. Amma a lokacin na ga gaba kura, baya sayaki. In na faɗa, za a kama ni, mahaifina kuma ya zama wanda ya yi wa hukuma ƙarya. Za a janye izinin taron, tsohon faston da ya riƙe ni da zuciya ɗaya ya shiga uku, mutanen da ba su da wata haɗuwa a shekara sai wannan su rasa ta. Haka na yi ta jera wa kaina dalilai. Kwana biyu bayan zuwan yayata ranar shaida ta zo, aka kira sunana, na tashi na sake faɗin labarin nan tun daga turke har korar. A ranar kukan da na yi na gaske ne, har na kasa tsayuwa. Mutane suka ce ba su taɓa jin na faɗe shi da ƙarfi irin na ranar ba. Ban taɓa ƙin kaina kamar wannan yini ba.

A can gida abin ya ci tsoho ta fuska biyu. Dillanci amana ce, sai Fulani da Buzayen da ke damƙa masa dabbobinsu suka fara janyewa, suna cewa wanda ya ƙona ɗan cikinsa ba zai ji tausayin bare ba. Wasu kuma suka riƙa zuwa suna yaba masa, wai ya yi abin da ya kamata namiji ya yi. Yayata ta ce wannan yabon ya fi yi masa ciwo, in aka fara sai ya ɗauki buzunsa ya bar wurin. Bai taɓa buɗe baki ya ƙaryata ni ba, ko a gaban abokansa na masallaci. A ƙarshe ya daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Ni kuma aka tura ni makarantar koyon Littafi, na fito mai bishara, ina tsayawa gaban mutane ina koya masu kada su yi shaidar zur.

Shekaru suka tafi a haka, har soja suka sauka, bakin kowa ya buɗe, ana zagin manya a rediyo ba wanda ya kama wani. Tsoron kamu ya kau, amma ban motsa ba. A nan na gane cewa tun farko ba jandarma nake tsoro ba, kunyar idon mutanen da suka yi kuka domina nake ji. Farkon wata damina yayata ta aiko cewa tsoho ba lafiya. Na tafi ban gaya wa kowa ba. Na same shi kwance a rumfa, ya rame, ido ya yi rauni, da murya ya gane ni. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na ci abinci. Na durƙusa na kama ƙafarsa ina neman gafara, ya bar ni har na yi shiru, sannan ya ce, "Ni na yahe maka tun ranar da ankak kunna mini abin. Amma inda kaɓ ɓata ni, can za ka gyara ni, ba nan cikin gida ba. Akwai jikoki."

Na yi masa alkawari zan faɗa a taron shekara, bayan girbi. Da na so, ranar Lahadin da ta biyo baya ma zan iya tashi a majami'a in faɗa, amma na zaɓi rana mai nisa don in ƙara samun ƴan watanni ana ganina da mutunci. Gero na fidda kai mahaifina ya rasu. Na je jana'iza na tsaya daga nesa, ina ji wani baƙo yana tambayar na kusa da shi ko wannan ne tsohon nan na kaset.

Na cika alkawarin bayan rasuwarsa. Ranar shaida na tashi na faɗi kome, ban rage ba. Tsohon faston, wanda a lokacin sai da sanda yake tashi, ya ce shi da matarsa shekara da shekaru suna roƙon Allah ya tausasa zuciyar mahaifina, ashe mutumin kirki suke ta kai ƙara. Ya sa aka sauke ni daga wa'azi, kuma daidai ya yi. Shi da dattawa uku suka je har ƙauyenmu suka ba mahaifiyata haƙuri. Sai dai waɗanda suka ji gaskiyar ba su cika rumfa biyu ba, ƙaryar kuwa ta riga ta zaga ƙasa a mota.

Yau na tsufa, na koma gonar da ya bari ina nomawa. Abin da na koya shi ne magana zarar bunu ce, kuma ƙaryar da aka yi a wurin ibada ta fi kowace wuyar janyewa, domin masu jinta da zuciya buɗe suke karɓarta. Ina roƙon matasa, na coci da na masallaci, in aka miƙa maku magana a taro, ku faɗi abin da ya faru ko da bai sa kowa hawaye ba. Wanda iyayensa suka yi masa haƙuri yana da abin faɗi, ni ne ban san haka ba. Masu shirya taro kuma, ku daina auna bangaskiyar mutum da yawan wuyar da ya sha, ku bincika kafin ku ɗauki murya ku raba wa duniya. Wanda kuma ya riga ya faɗa irin ramina, kada ya jira bayan girbi.

Har yanzu nakan gamu da wanda zai ce ya taɓa jin wani kaset na yaron Kurfai da ubansa dillali. In kana cikinsu, domin kai na rubuto. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mani hannu ba, ko sau ɗaya, kuma ya shiga kabari ana kiransa wanda ya ƙona ɗansa.