Mama Tukuna da Hannun Tela

Ƙarfe bakwai saura take buɗe ɗakin gashin ƙashi na asibiti, tun masu shara ba su gama da baranda ba. Ta ɗora ruwan zafi, ta goge sandunan ƙarfen da majinyata ke dafawa su koyi tafiya, sannan ta zauna ta buɗe Littafi Mai Tsarkinta, wanda bangonsa ya rabu har ta ɗaure shi da bandeji. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba likita ba ce, mataimakiya ce. Abin haushi, likitoci nawa ne suka koyi yadda ake riƙe kafaɗar mai shanyewar jiki a hannunta, amma yau in sun haɗu da ita a hanya, da ƙyar suke amsa gaisuwarta?

Mama Tukuna ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Matar nan tana da kalma ɗaya da ta ishi kowa. Ka ce ka gaji, ta ce tukuna. Ka ce Allah ya manta da kai, ta gyara maka matashi ta ce tukuna. Akwai wanda ya taɓa jifanta da kofi saboda wannan kalma. Ɗaukowa ta yi ta wanke, ta ba shi ruwa a ciki.

Wanda ya fi kowa shan takaicinta wani tela ne da ciwo ya shanye masa hannun dama. Ɗinki kaɗai ya iya a duniya, in hannun bai dawo ba shagonsa ya rufu ke nan. Kullum sai ta ajiye masa kwano biyu, ɗaya cike da maɓallai, ta ce ya mayar da su ɗayan da yatsunsa. A wata na biyar ya hankaɗe kwanon.

"Mama, ni fa ba yaro ba ne. Ina ta tsintar maɓalli sai ka ce kaza! Fasto ya yi addu'a, matata ta yi azumi har ta rame. Ina amsar?"

"Tukuna, ƙanena."

"Ki daina ce min tukuna! Ke me kika sani? Da ƙafafunki kike zuwa, da ƙafafunki kike komawa."

Sai ta durƙusa ta tsince maɓallan. Da matar telan ta ji labari, kunya ta hana ta sakat, ranar Lahadi bayan sujada ta nemi gidan Mama don ta ba da haƙuri. A falo ta tarar da wani dattijo kwance a gadon asibiti, Mama na juya shi tana shafa masa mai a baya. Mijin Mama ne. Shekara tara yana nan, ko cokali ba ya iya riƙewa. Macen da ta tsayar da ɗaruruwan mutane a kan ƙafafunsu, nata ya gagare ta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba. Wannan zurfin ciki nata ma wani abin takaicin ne.

"Mama, ba ki taɓa jin haushin Allah ba?" in ji matar telan.

"Na ji mana. Na ma faɗa masa, ba sau ɗaya ba. Ai Yesu sai da abokinsa ya kwana huɗu a kabari sannan ya iso, 'yan'uwan mamacin suka yi masa ƙorafi, bai kore su ba. Ban ce mijina zai tashi ba, ban sani ba. Na dai san Ubangiji bai gama magana ba, ni kuwa ba zan katse shi ba."

Tela ya dawo, amma hannun dama bai dawo ba. Shi duk a zatonsa tukunan nan alkawari ne cewa hannun zai warke. Wata safiya Mama ta ɗauke kwanon daga damansa ta ajiye a hagunsa.

"Da girmana zan koma bahago?"

"Hannu biyu aka ba ka. Ɗaya ka yi ta kuka a kai, ɗayan ko gaishe shi ba ka yi ba."

Ya yi tsaki, ya yi mita, ya ɓata yadi har ba adadi. Makon jiya ya kawo mata riga, wuyan ya ɗan karkace. Maimakon ta yi godiya ta yi shiru, sai ta juya rigar ta nuna masa inda ɗinkin ya kauce, ta ce ya fi ƙarfin haka. Kun ji halin nata.

Mama, ke ce mai riƙe wanda ya gaji da riƙe kansa. Ke ce kika sha zagi da jifa, ba ki taɓa yi wa kowa ƙaryar cewa gobe zai warke ba, ba ki kuma bar kowa ya yanke ƙauna a gabanki ba. Kin ba mu haushi, kin gajiyar da mu, mun gode. Ubangiji ya ƙarfafa hannuwanki a jinyar da ta rage miki a gida.

Sauranmu kuwa, masu saurin cewa wane ya ƙare, ya kamata mu koyi tsayawa kusa da mai wahala ko da ba mu da amsar da za mu ba shi. Wanda yake ganin ɓata lokaci ne, ya bi ta ƙofar shagon telan nan ya saurara. Keken na gudu, kuma hannun hagu ne ke tura yadin.